Munafuka a Cikin Sanduna

Duk sandar sunuka, wasan nan na tura ƙwallo cikin rami a kan tebur, da ta fito daga shagon Mai Sanda sai ta hau bene kafin ta shiga kasuwa. Benen kuwa ɗakin wasa ne a saman kantin katifu, mai tebur uku da wata fanka da ke juyawa kamar an yi mata dole. Can ake kai sabon fasali a ba 'yan gwaji su buga, su faɗi abin da hannunsu ya gaya musu. Shekara wajen arba'in ana haka, kuma ba a taɓa kai sababbin sanduna su kaɗai ba. Kullum akwai Munafuka a cikinsu.

Munafuka ita ma sanda ce, kuma in ka gan ta sai ka rantse uwarsu ɗaya da sauran. Santsi, sheƙi, miƙewa, ba abin da ta rasa a ido. Cikin ne babu gaskiya. Duk lokacin da za a gwada sabon fasali, Mai Sanda yakan fere ɗaya ta musamman, ya huda gindinta, ya ɗura darma gefe guda, ya toshe, ya shafe wurin. In ka buga da ita ƙwallo zai tafi, har ma ya faɗa rami, sai dai akwai ɗan jan da take yi wa hannu, kaɗan ƙwarai, kamar wani ya gogi gwiwar hannunka a cikin taro. Aikinta ɗaya ne, tona asirin mai yabon ƙarya. Wanda ya yabe ta sau ɗaya a yi masa uzuri, wataƙila bai yi barci ba. Wanda ya yabe ta sau biyu an gama da shi. Ba korarsa ake yi ba. Akwai dogon benci a jikin bango inda ake ajiye butar shayi, can zai koma. Zai sha shayinsa, ya yi kallo, ya yi gardamar ƙwallon ƙafa son ransa, amma ba za a sake miƙa masa sandar gwaji ba.

Ba Mai Sanda ne ya ƙirƙiro dokar ba, ko da yake ya fi kowa cika baki da ita. Abokinsa ne, wani mai gyaran agogo da kowa ke kira Da-Saura. Lokacin da suka haɗu Mai Sanda kafinta ne kawai, mai feren ƙafafun kujeru, sai ƙaiƙayin hannu ya sa ya fere sanda guda ya hau bene da ita yana fankama. 'Yan wasa suka karɓa suna juyawa. Wannan ya ce ta yi, wancan ya ce ai ko ta kanti albarka. Kansa ya kumbura har ya kusa taɓa fankar. Sai wani siririn mutum mai tabarau a goshi ya karɓa, ya buga sau ɗaya, ya miƙo masa ita kamar wanda jariri ya yi wa fitsari a cinya.

"Da saura," in ji shi.

"Saura me?"

"Saura ta zama sanda. Wannan ƙafar kujera ce ta yi tsawo."

Ran kafinta ya ɓaci, har ya fara neman inda zai ajiye sandar ya naɗe hannun riga. Abin da ya tsayar da shi kuwa, ya lura duk waɗanda suka yaba sun koma jikin bango sun ɗauki tsofaffin sandunan ɗakin sun ci gaba da wasansu. Babu ko ɗaya da ya ce a bar masa sabuwar ya ƙarasa wasa da ita. Ya sauka bai yi wa kowa sallama ba, bayan mako biyu ya dawo da wata, ya wuce kowa ya miƙa wa siririn mutumin. Aka ce masa da saura. Ya sake dawowa, aka sake ce masa da saura. A haka sunan ya bi mai agogo, a haka kuma kafinta ya zama Mai Sanda.

"Mutanen nan ba mugaye ba ne, Kafinta," in ji Da-Saura wata rana suna saukowa. Har tsufansu bai daina kiransa Kafinta ba. "Kunyarka suke ji. Ka sha wahala, ka hau bene kana gumi, wa zai ce maka aikinka banza ne? Ka ajiye musu ƙarya a gabansu, ka ga wanda zai gaishe ta."

Daga nan Munafuka ta samo asali, da bencin shayi, da sauran tsarin. Ba a tambayar mutum yana cikin wasa. Ba a tambayar mutum biyu tare, don na biyu bakin na farko yake ara. Sai an gama a ja kowa jikin taga shi kaɗai a ce masa, me ka ji, kuma wacce za ka tafi da ita gida? Mai Sanda ya ƙara da nasa: yakan duba wacce alli ya fi cinye wa tsini, wacce mariƙinta ya fi jiƙewa da gumi, don hannu yakan koma wa abin da yake so ko baki bai faɗa ba.

A wancan zamanin tebur shida ne a benen, hayaƙin taba ya yi rufi na biyu, rediyon mai ɗakin yana ta ɓaɓatu ba mai saurarensa. Direbobi, teloli, ma'aikatan gidan waya, da wani malamin makaranta da ke ɓoye allin sunuka a aljihu ɗaya da na allo. Ranar gwaji sai an yi rububin wurin tsayawa. Kuma abin da kowa ke jira shi ne lokacin da sanduna za su iso hannun Da-Saura. Yakan kama sanda can ƙarshen gindi, ƙaramin yatsansa ya naɗe bakin, inda ba wanda ke riƙewa sai shi. Ya ɗaga ta kusa da kunne ya ƙwanƙwasa da farce kamar yana sauraren agogo. Ya buga sau ɗaya. In Munafuka ce sai ya jingine ta a bango ya ce, "Gaishe da mutanen gida." Ɗaki ya ɗauki shewa. In ta gaskiya ce kuma sai ya fara lissafo laifi: tsini ya yi tauri, nauyi ya gudu baya, tana rawa bayan bugu. Iyakar yabon da aka taɓa ji a bakinsa shi ne, "Wannan ce mai dama-dama." Kalmar da Mai Sanda ya yi shekaru yana farauta, wato a ce masa ba saura, ko a mafarki bai taɓa jin ta ba.

Marigayiya matar Mai Sanda takan ce masa, "Kai dai wannan mutumin ya raina ka, kai kuma ba ka iya cin abinci sai ya zage ka." Gaskiyarta ce.

Yanzu tebur uku suka rage. An hana shan taba, rediyo ya mutu, samari suna wasa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya. Shagon ma ba a hannun Mai Sanda yake ba. Autarsa ce ta karɓi injin fere, mace mai 'ya'ya biyu wadda ta tashi da garin katako a gashi, kuma ta fi shi hannu, abin da yake faɗa wa kowa ban da ita. Ita ta fito da sabon fasali, sanda mai haɗi a tsakiya, siririn wuya, mara nauyi, wadda take so ta zama ta farko da za ta fita da tambarinta ita kaɗai. Abu ɗaya ta bar wa uban, feren Munafuka. Jikin taga ma ita ke tsayawa yanzu, da waya a hannu tana naɗar muryar kowa.

A zagayen farko na gwajin ne abin ya faru. Da-Saura ya daɗe yana ɓoye rawar hannunsa. Ya rufe rumfar agogo ya ce wai mutane sun daina ɗaura agogo, ya koma shan shayi rabin kofi ya ce wai likita ya hana shi. Ranar ya ɗauki sanduna ukun da aka kawo gwaji ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya buga, ya sake bugawa. Ba wadda ya jingine a bango. Da Auta ta ja shi jikin taga sai ya nuna ta tsakiya da haɓa.

"Wannan ce mai dama-dama."

Ta tsakiyar ita ce Munafuka. Mai Sanda yana tsaye nesa kaɗan, ya ji da kunnensa, ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu.

Da suka koma shago, Auta ta rufe ƙofa, ta kashe injin.

"Baba, ka ji abin da Kawu ya ce."

"Na ji. Mura yake yi."

"Ba da hanci ake riƙe sanda ba, Baba."

"To sau ɗaya ne. Doka ta ce sau biyu."

"Na sani. Shi ya sa nake gaya maka tun yanzu, kada ranar ta zo ka ce na yi maka ba-zata. In ya sake, benci zai koma."

Mai Sanda ya murtuke fuska. "Mutumin da ya goya ki a wuya ya hau da ke benen nan? Shi za ki zaunar kusa da butar shayi, tare da Direba da ya yabi Munafuka har ya nemi a sayar masa?"

"Ni ma ba daɗi nake ji ba," in ji ta, muryarta ta yi ƙasa. "Amma duk ɗakin nan bakinsa ake bi. Ko an raba su a taga, idonsu yana kan wadda ya daɗe da ita a hannu. In ya ce hagu, hagu zan gyara. In hannunsa ya daina gaya masa gaskiya, sandata ce za ta fita a karkace, da sunana a jiki. Kai ka koya mini haka."

Abin haushin shi ne ba ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Mai Sanda ya fita ya bar mata shagon, ya zaga layin masu gyaran babur ya dawo, haushin bai ragu ba. Ba Auta yake jin haushi ba, tsoro yake ji. Mutanen da ya fara hawa benen nan da su, wasu sun mutu, wasu 'ya'ya sun kwashe su zuwa wasu garuruwa, sauran suna benci. Da-Saura kaɗai ya rage a tsaye a bakin tebur. In shi ma ya zauna, to wa zai kalli tsabar idonsa ya ce masa aikinsa bai yi ba? Kowa yanzu Baba yake ce masa, kowa yabonsa yake yi, kamar wanda ake shirin yi wa ban kwana.

Auta ta ɗauki makonni tana gyara fasalin bisa abin da sauran 'yan gwaji suka faɗa. Ta ƙara wa wuya kauri kaɗan, ta sauya fatar tsini. Shi kuma ya fere sabuwar Munafuka daidai da su, ya ɗura darmarsa, ya toshe. Ana gobe gwaji da azahar, Auta ta tafi ɗauko yara daga makaranta, ya zauna da sandar a cinya yana shafa gindinta. Sai shaiɗan ya zo masa da shawara, kuma ya same shi a gida. Ya ɗauki 'yar wuƙar sassaƙa ya yi wani ɗan tsagi a can ƙarshe, daidai inda ƙaramin yatsan mutum ɗaya tak a duniya yake sauka. Ya bi da samfefa, ya shafa mai, ya ɗaga ta a haske. Ido ba zai gani ba. Yatsa zai ji, kuma mai yatsan zai gane saƙon: ga ta nan, jingine ta a bango.

Shekara arba'in yana gadin dokar nan kamar kare a bakin ƙofa. Ya taɓa zaunar da ƙanin matarsa a benci, aka yi wata shida ba a gaisawa. Yau ga shi da kansa yana yi mata zagon ƙasa, kuma ya gaya wa zuciyarsa wai taimako ne.

Washegari da la'asar suka hau bene. Auta ta shimfiɗa sanduna ukun a kan koren ƙyallen teburin tsakiya, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kansu. 'Yan gwaji sun hallara: wani tela, wata ma'aikaciyar asibiti da ke cinye samarin ɗakin a wasa ba sani ba sabo, da wasu matasa biyu. 'Yan benci suna wurinsu da kofuna. Da-Saura ne ya zo a ƙarshe. An daɗe ana jin takunsa a matattakala kafin a ga kansa, ya shigo yana haki yana zagin wanda ya gina benen.

"Kafinta, ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ka riga ni, in ga ko can ma za ka ce da saura."

Aka yi dariya, aka fara. Tela ya buga, ma'aikaciyar asibiti ta buga, ta ɗan yamutsa fuska a kan ta uku ta ajiye. Mai Sanda bai ga ko ɗaya ba, idonsa yana kan hannun abokinsa da ke cikin aljihu.

Da layi ya zo kansa, Da-Saura ya ɗauki ta farko. Tsinin yana rawa a kan yatsunsa kamar reshe a iska. Ya buga, farin ƙwallo ya tafi inda ya ga dama. Ya ɗauki ta biyu, haka. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki ta uku, ya zame tafinsa zuwa ƙarshen gindi, ƙaramin yatsan ya naɗe bakin.

Sai ya tsaya.

Mai Sanda ya ga yatsan ya motsa, ya koma, ya sake motsawa a kan tsagin. Da-Saura bai ɗaga sandar zuwa kunne ba. Ya sauko da tabaraunsa daga goshi, ya juyo ya kalli Mai Sanda ta cikinsu, kallo mai tsawo, irin wanda yake yi wa agogon da wani ya riga ya buɗe ya lalata kafin a kawo masa. Mai Sanda ya ji kunya ta rufe shi tun daga tafin ƙafa, amma duk da haka a ransa roƙo yake yi: jingine ta, tsohon banza, jingine ta mu wuce wurin.

Da-Saura ya shafa alli a nutse. Ya sunkuya, ya buga. Ƙwallo ya gogi bakin rami ya dawo. Ya miƙe, ya riƙe sandar a tsaye a gabansa, bai jira an ja shi jikin taga ba.

"Auta, kunna wayarki."

"Kawu, sai mun je taga."

"Na tsufa da zuwa taga. Kunna." Ya ɗaga murya yadda har 'yan benci za su ji. "Wannan ta yi. Ba saura. Ita zan tafi da ita gida."

Direba da ke benci ya ajiye kofinsa ya ce, "Yau ga abin da ban taɓa ji ba!" Matasan suka fara tafi, suna zaton tarihi aka kafa a gabansu. Auta ba ta yi tafi ba. Ta san wacce ce ta uku. Ta kalli ubanta, ta kalli ƙasa, idonta ya ciko.

Kalmar da Mai Sanda ya yi shekara arba'in yana jira ke nan. Ya sha raya yadda ranar za ta kasance, har ya taɓa cewa in ta zo zai sayi shayin kowa na wata guda. Ga ta ta zo, a gaban jama'a, da babbar murya, a kan sandar da ya cika wa ciki da darma.

Da-Saura ya ajiye sandar a kan tebur, ya ce, "To, a faɗa mana. Wacce ce Munafukar?"

Auta ta nuna ta uku da yatsa.

"Ash," in ji shi, ba tare da ko ɗigon mamaki ba. "Sau biyu ke nan ko? Direba, matsa mini."

Ya taka zuwa bencin da ƙafarsa, ya zauna a ƙarshe kusa da buta, ya nemi a zuba masa rabin kofi. Aka ƙarasa gwajin a daddafe. Ma'aikaciyar asibiti ta ce ta uku tana ja mata hannu, ta biyu kuma wuyanta ya yi daidai amma haɗin yana ɗan amo. Auta ta naɗi duka a waya.

Da aka watse, Mai Sanda ya tarar da shi a matattakala, yana sauka da ɗaiɗaya, hannu ɗaya a jikin bango. Ƙamshin sababbin katifu yana tasowa daga ƙasa. Suka yi rabin hanya tare.

"Me ya sa ka yi haka?" in ji Mai Sanda a ƙarshe. "Ka ji tsagin. Na ga yatsanka."

"Na ji. Shi kaɗai na ji." Da-Saura ya tsaya ya huta. "Ka san me nake ji in na riƙe sanda yanzu, Kafinta? Kamar na sa safar hannu biyu. Duka ukun ɗaya suke a wurina, da su da muciyar gidanku. Tun bara nake cin abinci da tsohon suna. In ƙwanƙwasa, in murtuke fuska, in ce da saura, kowa ya gyaɗa kai."

"To ai da ka jingine ta kawai. Wa zai sani?"

"Ni. Da kai. Gobe kuma yarinyar nan ta tambaye ni wuya ya yi ko bai yi ba, in ƙaga mata amsa, ta je ta yanke itace a kan maganata." Ya girgiza kai. "Ni na ce a ajiye wa mutane ƙarya a ga wanda zai gaishe ta. Ban ce ban da ni ba."

Mai Sanda ya ji haushi, ya ji tausayi, ya ji kuma wani irin kaɗaici da bai ji ba tun rasuwar matarsa.

"Kuma da wannan kalmar za ka yi? Duk kalmomin duniya?"

"Ai ka daɗe kana nema. Na ce kada in mutu da ita a ciki." Da-Saura ya ɗan murmusa, ya ci gaba da sauka. Da ya kai ƙasa ya juyo. "Tsagin nan kuma, ka yi shi da zurfi, gefensa ɗaya da kaifi, man bai shiga ciki ba. Ko ha'incin ma, da saura."

Mai Sanda ya yi dariya, dariyar ta zo da ruwa a ido, ya goge da hannun riga ya ce garin katako ne. A matattakalar kantin katifu.

Bai gaya wa Auta zancen tsagin ba a ranar. Washegari ya shigo shago ya tarar da Munafuka a kan teburin aiki, an juyo gindinta sama, tsagin yana kallon ƙofa. Auta tana bakin inji, ta gaishe shi kamar kullum, ta tambaye shi ya ƙafa. Ba ta ɗaga maganar ba, shi ma bai ɗaga ba. Da rana ya ɗauko gwangwanin darma da ɗan abin hudar da yake aiki da su tun kafin a haife ta, ya ajiye a gefenta.

"Ki riƙa ɗurawa ta gefen da jijiyar itace ta fi taushi," in ji shi. "Kuma kada ki gaya mini wacce ce."

Da zagaye na uku ya zo, Auta ce ta hau da jakar sanduna a kafaɗa, uban yana biye da ita hannu rabbana. Ta shimfiɗa su a koren ƙyalle, ta waiwaya inda ya saba tsayawa a kusurwar tebur, ba ta gan shi ba. Yana can jikin bango, a tsaye gaban benci.

"Kai kuma fa?" in ji Da-Saura. "Sau nawa ka yabe ta?"

"Wanda ya yi mata kwalliya ai ya fi mai yabo laifi. Matsa."

Da-Saura ya matsa. Direba ya miƙo kofi. Can a tebur ma'aikaciyar asibiti ta ɗauki sanda ta farko, ta shafa alli, ta buga, ƙarar ta cika ɗakin. Tsofaffin biyu suka karkata kai lokaci ɗaya suna saurare. Mai Sanda ya saci kallon abokinsa, ya ga leɓensa ya motsa, kalmar nan ta zo har bakin haƙori. Da-Saura ya haɗiye ta, ya kama kofinsa da hannu biyu don kada ya zube, ya kurɓa.